Tafiyata Ingila: Yadda Ciyawa Ta Kusa Hana Ni Aikin Da Ya Kai Ni

Ran Asabar 3 ga watan Yuni, 2023, da misalin ƙarfe 11 na dare, jirgin samanmu ya tashi daga filin jirgi na Murtala Muhammed da ke Ikeja, ya nufi Landan. Abin da ya kai ni kuwa shi ne wani kwas na mako biyu da aka shirya wa 'yan jaridu na ƙasashen Afirka ta Yamma, mako ɗaya a Landan, ɗaya a Manchesta. Tun ran da Edita ya kira ni ofishinsa ya shaida mini an zaɓe ni, ba abin da 'yan'uwa da abokan arziki ke ja mini kunne a kai sai sanyi. Wannan ya ce in nemi kwat mai kauri, wancan ya ce in sayi safar hannu, mai ɗakina kuwa har da ƙullin citta da kanumfari da masoro ta cusa mini cikin akwati. Ba wanda ya ce in yi hattara da ciyawa. Ni ma da wani ya faɗa mini haka da dariya zan yi masa, don kuwa a ƙauye aka haife ni, cikin ƙasar Gumel, na yi kiwo, na yi yankan ciyawa, na ɗauki dami a ka tun ban cika shekara goma ba.

Gari na wayewa muka fara hango ƙasar Ingila ta taga. Duk inda ido ya kai kore ne shar, an yanka shi fili-fili da shinge, sai ka ce an shimfiɗa dardumai gefe da gefe. Muka sauka Heathrow, na ɗaga hannu zan gyara agogo, wani da ke kusa da ni ya ce in bar shi, a wannan lokaci na shekara agogonsu da namu ɗaya ne. Ranar ce dai ba ɗaya ba. Tun kafin ƙarfe 5 na asuba ta fito, ba ta kuma faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Sanyin da aka yi ta tsorata ni da shi kuwa, in ban da ɗan iska mai ratsa riga da safe da almuru, ban gan shi ba.

An sauke mu a wani ƙaramin masauki a unguwar Paddington, tafiyar minti goma da ƙafa zuwa babban filin shaƙatawa da ake kira Hyde Park. Filin nan ya kai eka 350, a tsakiyar birni, da tafki a cikinsa. Da yake ran Lahadi ce, bayan na ɗan runtsa sai na bi abokan tafiyata, wani mutumin Gana da wani mutumin Gambiya, muka tafi kusurwar nan da kowa ke da izinin ya hau akwati ya faɗi albarkacin bakinsa. Muka sha kallo, muka gaji, muka nemi wuri muka zauna. Wani sashe na filin an aske ciyawarsa ƙwal kamar kan jariri ran suna, wani sashe kuwa da gangan aka bar ta ta yi tsawo har gwiwa, ta fid da kai, iska na kaɗa ta. Can na zaɓa, don ta tuna mini da gida. Na miƙe a ciki na yi rigingine, na rufe fuska da hula, na fi sa'a guda.

Kafin mu koma masauki na fara atishawa. Ba irin wadda mutum zai yi ɗaya ya yi hamdala a amsa masa ba, a'a, goma ko fiye a jere, har mutumin Gambiya ya gaji da amsawa ya yi shiru. Hanci ya ɓalle da majina tsararo kamar ruwan famfo. Idanu suka yi ja, suka kama ƙaiƙayi, haka can cikin maƙogwaro da cikin kunnuwa, wurin da yatsa ba ya kaiwa. Na ce to, ga sanyin Turai nan ya yi mini sallama. Ɗakin ba fanka, sai na buɗe taga na bar ta har safe, na wanke rigar da na sa na rataye a bakin tagar, na dafa citta na sha, na kwanta.

Barci A Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Litinin da Talata na yi su cikin wahala. A aji ina zaune da tulin takardar share hanci a gabana, malama na magana ina katse ta da atishawa. Na buɗe jakar magungunan da na yi guzuri daga wani kemis a Legas, na fara haɗiyar kafso irin na kashe ƙwayoyin cuta, safe da rana da dare, ko gezau. Daren Talata ban yi barcin kirki ba saboda toshewar hanci. Da asubar Laraba sai na ga abin ya ishe ni, na ɓallo ƙwayar Piriton, maimakon ɗaya na sha biyu, wai don ya yi saurin aiki.

A ranar ne kuwa aka shirya za a kai mu Majalisar Dokokin Birtaniya, aka ce kowa ya hallara ƙarfe 9 daidai. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paddington, na sami kujera, tasha biyar kawai zan yi in sauka Oxford Circus. Abin da na sani ke nan. Sai ji na yi wani ma'aikaci na taɓa kafaɗata yana cewa nan ne ƙarshen layi. Na duba allo na ga Elephant and Castle, watau har mun ƙetare kogin Thames ta ƙarƙashi ban sani ba. Kafin in wartsake in gane hanyar komawa, ayari ya tafi. Labarin da na yi wa Edita alkawari tun daga Legas shi ke nan ya bi ruwa. Na zauna kan benci a tasha, kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa, ina tunanin abin da zan ce, da yadda za a ji a ofis cewa an tura mutum Ingila ya tafi ya yi barci.

Da yamma na je ba malamar haƙuri. Ta dube ni da jajayen idanuna ta ce wannan ba mura ba ce, in tafi kantin magani in nemi ganin mai haɗa magunguna, ba a biyan ko kwabo don shawararsa.

Na sami wata mace mai kimanin shekara 50 a bayan kanta. Ta tambaye ni ko jikina ya yi zafi, na ce a'a. Ko gaɓoɓi na ciwo, na ce a'a. Majinar fara ce ko ta yi kauri ta canja launi? Idanu na ƙaiƙayi? Ya fi tsanani a waje ko a ɗaki? Daga nan ta ce, “A ƙasarku akwai lokacin da irin wannan ke kama ka duk shekara?”

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna. Tun ina yaro, da zarar gero ya fid da kai ya yi bununi, har zuwa lokacin da gamba da kyasuwa za su bushe, ni da atishawa ne. Inna takan ce murar kaka ce, ta hana ni shan ruwan randa, ta turara mini tazargade. Da na koma Legas da aiki abin ya yi sauƙi, har na manta da shi. Na kwashe duka na faɗa mata. Ta ce to shi ne ya biyo ni, ya kuwa tarar da ni a makon da ciyawar Ingila ta fi zubar da ƙurar furenta. Na nuna mata kafson da nake sha, ta girgiza kai ta ce ba ƙwayar cuta a jikina balle ya kashe. Da na faɗa mata na sha Piriton biyu, ta ce in gode wa Allah jirgi na shiga, ba mota na tuƙa ba.

Abin Da Ke Cikin Iska

Bari in ɗan tsaya in yi wa mai karatu bayanin abin, yadda na fahimce shi daga baya. Kowane manomi ya san bununi, garin nan mai laushi da ke manne wa riga in an ratsa gonar gero lokacin da ya yi fure. Shi ne namijin iri, sai ya sauka kan macen fure kafin a sami ƙwaya. Itatuwa masu fure mai kyau da ƙanshi, zuma da sauran ƙwari ke yi musu dakon wannan gari. Ciyawa kuwa ba ta da ɗan aike sai iska, saboda haka takan saki gari mai yawan gaske, mara nauyi, don ko kaɗan ya dace. Ƙwayarsa ƙanana ce ainun, sai an jera kamar 30 kafin su cika milimita 1. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rake duk dangin ciyawa ne, haka gamba da ƙarangiya da ƙiri-ƙiri.

Ga yawancin mutane wannan gari ba kome ba ne, su shaƙa su fyace. Amma akwai waɗanda garkuwar jikinsu ke ɗaukarsa abokin gaba. Tun haɗuwar farko jiki yakan yi masa shaida ya ajiye, in ya sake dawowa sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fatar hanci da ido su saki wani sinadari da ake kira histamin. Shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da kumburi da zubar ruwa. Ɗan'uwan borin jini ne, sai dai shi a hanci da ido yake fitowa, kuma yakan bi jinin gida. Ciyawar ƙasashen sanyi da tamu ba iri ɗaya ba ne, amma suna tarayya a wasu sinadaran, shi ya sa jikin da ya ƙulla gaba da bununin Gumel ya ga na Hyde Park ya ce ai ga ɗan gidansu.

Turawa na kiran ciwon da wani suna mai ma'anar zazzaɓin ingirici, alhali ba zazzaɓi a cikinsa, ba kuma busasshiyar ciyawa ce ke kawo shi ba, ɗanya ce mai fure. A can ba baƙon abu ba ne, ana ƙiyasta mutum 1 cikin 4 ko 5 na fama da shi, kuma 9 cikin 10 na masu shi ciyawa ce abokiyar gabarsu. Har kalandarsa gare su. Itatuwa ke farawa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, ciyawa ta karɓa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli, ta fi tsanani a mako biyun farko na Yuni, ta ɗan sake tasowa farkon Yuli. Ka ji lokacin da aka zaɓa a kai ni.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kullum in an gama faɗin yanayin sama a talabijin sai a nuna taswirar ƙasar da alamun yawan bununi na kowane yanki. Awo suke yi: ƙwaya nawa ke cikin iskar da za ta cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe. In ba ta kai 30 ba a ce kaɗan ce, daga 50 a ce ta yi yawa, daga 150 a ce ta yi yawa ƙwarai. Kwana uku ina kallon wannan taswira ta yi ja, ina tsammani zafin rana ake nufi. Baƙo dai ko da ido makaho ne.

Matar nan ta haɗa mini abu uku. Na farko ƙwaya ce mai suna cetirizine, miligiram 10, sau ɗaya a yini, wadda ke tare aikin histamin. Ta ce akwai 'yan'uwanta, loratadine da fexofenadine, dukansu ba sa kayar da mutum kamar tsohon maganin da na sha, ko da yake ita cetirizine takan ɗan sa wasu gyangyaɗi, don haka in fara gwada ta da dare. Mai shan fexofenadine kuma da ruwa zai sha, ba da ruwan lemo ko na tuffa ba, don suna rage masa ƙarfi. Na biyu maganin ɗigawa a ido. Na uku, wanda ta ce shi ne babba, maganin fesawa a hanci daga jinsin da likitoci ke kira sitiroyid, mai kwantar da kumburi. Amma fa ba ya aiki nan take, sai an jera kwanaki ana fesawa ba fashi, kuma da na san zan zo a wannan wata, da tun saura mako biyu in taso na fara. Ta koya mini yadda ake yi: a fyace tukuna, a sunkuyar da kai, a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa hancin hagu, bakinta na duban wajen kunne ba tsakiyar hanci ba, kada kuma a zuƙa da ƙarfi, in ba haka ba maganin ya wuce maƙogwaro a banza.

Na nuna mata wani maganin fesawa da na ga an rubuta yana buɗe hanci cikin minti kaɗan. Ta ce gaskiya ne yana buɗewa, amma kada a kai mako guda ana amfani da shi, don in an daɗe hanci yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da dā da zarar an daina. Na kuma tambaye ta allurar nan da na ji ana yi wa mutane sau ɗaya su huta duk shekara. Ta ce asibitocin gwamnatinsu sun daina yin ta saboda wannan ciwo, don sitiroyid ne mai ƙarfi da ke zama cikin jiki makonni, in ya tayar da hawan jini ko sukari ba yadda za a yi a janye shi. Na yi shiru ina tuna yadda a wurinmu mutum zai shiga kemis da atishawa ya fito da kafso kala uku da allura a ɗuwawu, ba a ko tambaye shi yaushe abin ya fara ba.

Sauran dabarun ba na kuɗi ba ne, kuma duk kishiyar abin da na yi ta yi ne. A rufe taga, musamman da sassafe lokacin da ciyawa ke sakin garin, da kuma yamma lis lokacin da iska ta huce yake saukowa. Kada a shanya tufafi a waje. In an dawo daga yawo a tuɓe kayan, a yi wanka har da kai da gemu kafin a hau gado. A sa tabarau mai rufe gefen ido, a shafa ɗan basilin a bakin ƙofofin hanci don ya kama garin, a riƙa wanke cikin hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce. Shaƙa ruwa da fyacewa kuwa ba sai an koya wa mai alwala ba. Daga ran Juma'a na fara jin dama, na iya zama aji ba tare da an juyo ana dubana ba.

Ashe ma a bakin gidan maganin nake kwana ban sani ba. Asibitin St Mary's da ke nan Paddington, inda Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, nan ne wani likita Leonard Noon ya fara yi wa masu wannan ciwo allurar ruwan bununin ciyawa kaɗan-kaɗan a 1911, don jiki ya saba ya daina faɗa. Har yanzu ana bin wannan hanya ga waɗanda magani ya kasa, da allura ko da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, amma sai an yi shekara 3 ana yi, ba aikin matafiyi ba ne. A kan rufin asibitin ne kuma Dokta William Frankland ya kafa tarkon ƙidayar bununi a 1953, daga bisani ya riƙa ba jaridu adadin. Ya rasu a 2020 yana da shekara 108.

Manchesta, Da Hadarin Ran Litinin

Ran Asabar 10 ga wata muka shiga jirgin ƙasa a tashar Euston. Tafiyar sa'a biyu ce da 'yan mintoci, ta Stoke da Stockport. Rana ta buɗe sosai a ranar, zafi ya haura awo 30 a kudancin ƙasar, daga baya ma aka ce ba a taɓa yin watan Yuni mai zafin wannan ba a Birtaniya tun da aka fara ajiye lissafi a 1884 har zuwa lokacin. Ta taga ina ganin makiyaya cike da tumaki da shanu, ga motocin noma na yankan ciyawa suna naɗe ta dami-dami kamar ganguna. Mako ɗaya da ya wuce da sha'awa zan dube su. Yanzu kuwa godiya nake da tagogin jirgin ba sa buɗuwa.

A Manchesta wani likita mutumin Zariya, abokin wana tun suna makaranta, ya zo ya ɗauke ni daga masauki ya kai ni gidansa cin tuwo. A nan muka kalli wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, inda Manchester City ta ci Inter Milan 1 da nema a Istambul, Rodri ya jefa ƙwallon. Kofi na uku ke nan da suka ɗauka a kakar. Unguwa ta ɗauki ihu da ƙahon motoci har tsakar dare, aka ba da sanarwa ran Litinin da yamma 'yan wasa za su zaga gari da kofunan. Na ce a raina ga abin da zan fanshe labarin Majalisa da shi.

Kashegari Likita ya zaga da ni gari a mota, tagogi a rufe, ya danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa. Da muka ratsa unguwar Hulme ya ce, “Ɗan jarida, ka san a nan aka kama ɓarawon da ya sace maka barci?” Ya ba ni labarin Charles Blackley, likitan da ya yi aiki a wannan yanki, shi ma mai fama da ciwon. Kafin shi, wani likita John Bostock ya bayyana ciwon a Landan a 1819, da kansa ya ba da misali, amma ya ɗora laifin a kan zafin bazara. Blackley kuwa jikinsa ya mayar wurin gwaji. Ya shaƙi garin furanni iri-iri, ya sa a ido, ya yagi fatarsa ya shafa ya ga ta kumbura, abin da har yau likitoci ke yi in za su gane abin da jikin mutum ba ya so. Ya shafa abu mai danƙo a 'yan gilasai ya ajiye a fili, kullum ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne da madubin likita, ya ga ranar da suka yi yawa ita ce ranar da ya fi shan wuya. Har abin wasan yara na takarda da ake ɗaura wa zare iska ta ɗaga ya yi amfani da shi, ya aika gilasan sama ƙafa ɗaruruwa, ya tarar garin ya fi yawa a can bisa. Ya buga littafinsa a 1873.

Muna cikin haka na yi tari, Likita ya juyo ya ce in sake. Da muka koma gida ya ɗauko abin awonsa ya saurari ƙirjina, ya tambaye ni ko na taɓa yin asma. Na ce ba a taɓa ce mini ina da ita ba, sai dai ina yaro, cikin kaka, ƙirjina kan yi ɗan fito da dare. Fara'arsa ta ragu. Ya ce hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma hukumar yanayi ta yi gargaɗin hadari da tsawa a kwanakin nan.

Na ce, “Likita, ai ruwan sama wanke iska yake yi.”

Ya ce, “Ruwan da ya zauna yana zuba, i. Amma gaban hadari wani abu ne dabam.” Ya bayyana mini cewa in an yi kwanaki ana zafi bununi ya cika sama, sai hadari ya taso, iska takan kwashe shi ta kai cikin gajimare, ya sha laima ya kumbura ya fashe, kowace ƙwaya ta tarwatse ɗaruruwa. Sa'an nan iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa ta dawo da su ƙasa. Cikakkiyar ƙwaya a hanci take tsayawa, amma ɓarɓashin har cikin huhu yake shiga. An ga haka a Bamingam a watan Yuli na 1983. An gani a Landan daren 24 ga Yuni, 1994, inda fiye da mutum 600 suka cika asibitoci cikin sa'a 30. Mafi muni shi ne na birnin Melbon a Ostireliya ran 21 ga Nuwamba, 2016: fiye da mutum 3,000 suka ruga asibiti numfashi na gagararsu, motocin ɗaukar marasa lafiya suka kasa, mutum 10 suka rasu. Da yawa cikin waɗanda abin ya kama ba su taɓa sanin suna da asma ba, atishawar ciyawa kawai suka sani, kuma da yawansu ba a ƙasar aka haife su ba. Ya sa aka rubuta mini abin shaƙa na masu asma, ya koya mini, ya ce ya zauna a aljihuna, ba a akwati ba. In na shaƙa numfashi bai daidaita ba, ko na kasa ƙarasa magana, in buga 999, kada in tsaya neman citta.

Ran Litinin 12 ga wata, tun la'asar gari ya cika da shuɗin riguna. Muna tashi daga aji na nufi titin Deansgate da littafina da alƙalami. Ban yi nisa ba sama ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso tana kwasar takardu, aka fara walƙiya. Nan na tsaya ina shawara da zuciyata. In na koma, na sake rasa labari, karo na biyu cikin mako guda, in na kutsa cikin taron kuwa ƙirjina ya kama, ba motar da za ta iya ratsa wannan jama'a ta iso gare ni. Na shiga wani kantin shayi na zauna can ciki nesa da ƙofa, na sa takunkumi, hannuna na kan abin shaƙa. Allah da ikonsa, su ma masu shirya bikin walƙiyar ta sa suka ɗaga lokacin farawa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ba shi fiye da rabin sa'a yana zuba, sa'an nan na fito. Na jiƙe sharkaf, littafin ya zama ɗanwake, amma na ga motocin masu buɗaɗɗen sama sun wuce, Guardiola na zuƙar sigari cikin ruwa, Haaland ya tuɓe riga, kofuna uku na sheƙi. A daren na aika wa Edita labari, kuma tun da na sauka ƙasar ban shaƙi iska mai daɗin ta wannan dare ba.

Kafin in taso Likita ya ce in fesa magani in tabbata hancina a buɗe yake kafin jirgi ya fara sauka, don toshewar hanci ke sa kunne ciwo a sama, in kuma riƙe magunguna a jakar hannu cikin kwalayensu saboda masu bincike. Ya ce duk ƙasar da za a sake tura ni in fara tambayar watan da ciyawarta ke fure kafin in tambayi sanyinta: Turai da arewacin Amurka daga Mayu zuwa Yuli, kudancin Ostireliya daga Oktoba zuwa Disamba, bakin teku kuma ya fi tsakiyar ƙasa sauƙi in iska daga ruwa take busowa. Mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai hawan jini kuwa, kada su sha kome sai sun ga likita.

Ƙarshen watan Satumba na wannan shekara na ɗauki hutu na tafi gida Gumel. Saura mako biyu in tashi na fara fesa magani a Legas, abokan aiki na yi mini dariya wai ina maganin ciwon da bai zo ba. Na tarar an fara girbin gero, kyasuwa ta yi fure ja a bakin hanya. Na kwana uku Inna na saurare, a na huɗu ta ce, “Kai kuwa bana murar taka ba ta zo ba?” Na ce ta zo, Inna, a ƙofar gida na tsayar da ita. Muna cikin magana sai ga ɗan wana, yaro ɗan shekara 9, ya shigo da damin ciyawar awaki a ka, idanunsa jawur, yana murza hanci da bayan hannu. Ya sauke damin ya jera atishawa bakwai. Uwarsa ta ce ai kafso na biyu ke nan da aka saya masa bana. Na ce a ajiye kafson, a ba shi ruwa ya yi wanka ya sake riga, gobe da safe ni da shi za mu tafi babban asibiti.